Kunnen Adam Shofer

Adam ɗan Barebarin Birni ne, a cikin Damagaram. Kakansa da raƙuma ya zo daga Barno, ubansa kuma fataucin kanwa da dabino ya yi har ya tsufa. Kowa a gidan ya ɗauka shi ma rumfar zai gada, ya zauna yana auna kanwa da tiya. Shi kuwa tun yana saurayi, in manyan motoci suka tsaya sauke kaya a bakin kasuwa, sai ya manta da aiken da aka yi masa, ya raɓe kusa da inji yana saurare. Uban ya yi faɗa, ya yi nasiha, ya gaji. Daga ƙarshe ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani abokinsa mai motoci, ya ce, "Ga shi nan, Alhaji. Ni dai ban san abin da yake ji a cikin ƙarfen nan ba. Ko kai ka sani."

Ya daɗe a hannun Alhajin nan. Ya yi wanki, ya yi lodi, ya kwana ƙarƙashin mota a hanyar Tanut da Agadas, har ya samu permi, takardar izinin tuƙi, sunansa ya koma Adam Shofer, wato direba. Da Alhaji ya rasu, ƴaƴansa suka raba motoci, aka bar wata tsohuwar kamiyo, babbar motar kaya mai dogon hanci, wadda ba wanda ya so. Babban ɗan ya miƙa wa Adam makullinta, ya ce ladan daɗewa ne. A da shuɗiya ce. Rana ta cinye fentin tun tuni, amma sunan ya zauna, har yau Shuɗiya ake ce mata.

Lungunan Birni ba su ɗaukar kamiyo, don haka ya nemi fili a Kara-Kara, unguwar marasa galihu a bayan gari, ya yi gini. Dangi suka taɓe baki, wai ɗan gidan fatake zai koma can. Matarsa Kellu kuwa ta ɗaure kwanukanta ta bi shi. Daga nan ya bar dogayen hanyoyi ya kama na ƙauyuka. Wata rana Guna, wata rana Zermu ta hanyar Mirya, ranar Alhamis kuma ya kwaso kowa da kayansa zuwa kasuwar Dole. Gero, dawa, gyaɗa, awaki, tsofaffi masu zuwa ganin jikoki, duk Shuɗiya ce.

Mutanen ƙauyukan nan ba su ce masa mai fara'a ne ba, don ba shi da yawan magana. Abin da suke faɗa shi ne, in ya ce zai zo, to zai zo. Nomau, wani manomi a Guna da ke tara masa buhunan unguwarsu, ya fi kowa ba da labarin ranar da suka taso da cikakken lodi suka tarar da mace a bakin hanya tana naƙuda, haihuwa ta gardama, mijinta ya rasa ko amalanke. Adam ya tsaya, ya sa aka sauke buhunan baya aka shimfiɗa tabarma, ya bar Nomau zaune kan hatsi a cikin daji, ya kai matar gidan likita. Sai da rana ta karkata ya dawo. Nomau ya ce da ya fara ƙorafi, Adam kallonsa kawai ya yi ya ce, "Geron ya gudu ne?"

Abin da aka fi saninsa da shi kuwa kunne ne. Ana cikin tafiya lafiya lau sai ya taka birki, ya sauka, ya ɗaga kapo, wato murfin inji, ya ɗaure wata ƙusa da ba wanda ya san ta kwance, ya dawo ya zauna. Fasinja su yi ta dariya, su ce Shofer da aljanu yake magana. Agogon da ke nuna ƙarfin baƙin mai a gabansa ya mutu shekaru da yawa, allurarsa ta kwanta, bai ko nemi a gyara ba. In an yi masa maganar sai ya taɓa kunnensa da yatsa.

Kellu ma tana da nata kunnen, sai dai ba wanda ya taɓa lura. Tun Shuɗiya tana bayan duwatsu, kafin ta karyo kwanar unguwa, Kellu ta riga ta ɗora ruwan wanka. Ta san ranar da aka yi lodi mai nauyi, ta san ranar da mijinta ya gaji, daga yadda yake sauya giya. Ba koya mata aka yi ba. Zama ne a tsakar gida, shekara da shekaru, ana jiran mutum ɗaya.

Ciwon bai zo masa rana ɗaya ba. Da farko kiran sallar masallacin nesa ne ya daina kai masa. Sai ya zama in an yi magana daga bayansa bai juyo ba. Ya koyi kallon baki, ya koyi cewa "to, madalla" ga duk abin da bai kama ba. Bai gaya wa kowa ba, har kansa ma bai gaya wa sosai ba. Direban da aka sani da kunne, in kunnen ya tafi, me ya rage?

Bazarar shekarar nan ta zo da zafi irin wanda tsofaffi ke cewa sun manta rabonsu da shi. Da hantsi ƙarfen ƙofar mota ba ya taɓuwa. Ruwa ya yi wuya a gari, ana bin ƴan garuwa da roƙo. Adam bai fasa fita ba. Baƙin man da ya saba zubawa yake zubawa, mai lamba sha biyar da arba'in, wanda ya koma wa tun da aka daina samun na gwangwani mai lamba arba'in zalla, kuma bai taɓa ba shi kunya ba.

Wata la'asar ya dawo daga Zermu, ya yi wanka, ya zauna kan tabarma a gindin bango. Kellu ta ajiye masa fura, amma ba ta koma madafa ba. Ta zagayo ta tsuguna daidai gabansa, inda zai ga bakinta.

"Malam, Shuɗiya ba ta da lafiya."

Ya ɗago kai. "Wa ya ce?"

"Ni na ji. Da safe in za ka fita muryarta ɗaya ce, yadda na san ta. In ka dawo da yamma akwai wani abu a ƙarƙashi, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana buga cokali a gindin tukunya. Ya kwana biyu, kuma ƙaruwa yake."

Adam ya yi murmushin da bai kai ciki ba. "Ke da ko kapo ba ki taɓa ɗagawa ba?"

"Ban taɓa ba. Amma tun kafin in yaye ƴarmu Maimuna nake jin motar nan."

"Da akwai wani abu da na ji."

Kellu ta sunkuyar da kai tana gyara ludayi a cikin kwano. Can ta ɗago ta ce a hankali, tana buɗe baki sosai don ya gani, "Da kunnen bara ne, Malam, da ka riga ni ji."

Bai sha furar ba. Ya tashi ya saka takalmi ya tafi masallaci, alhali magariba da saura.

Washegari Guna ya nufa. Aka yi lodi, rana ta take. Da suka fito gari kaɗan, inji ya ɗauki zafi sosai, sai ya ratse ƙarƙashin wani gawo ya tsaya, bai kashe ba. Ya ɗaga kapo ya kasa kunne. Ba abin da ya ji sai gunji mai nisa, kamar ana daka a wata unguwa. Ya ɗauko dogon ƙarfen da yake sa wa jak, ya dafa bakin ƙarfen ɗaya a jikin inji, ɗayan ya manna a ƙashin bayan kunnensa. Wani abu ya ɗan motsa. Sai ya goge ƙarfen da gefen riga ya cije shi da haƙora. Nan take ya ji shi har tsakiyar kai, ƙas-ƙas-ƙas, daidai yadda ta faɗa.

Ya kashe mota. Ya zaro ma'aunin mai ya ɗaga shi, man ya zubo tsulu-tsulu kamar shayi, bai ko tsaya a jikin ƙarfen ba.

Nomau, wanda ya biyo buhunansa, ya leƙo ya gani. Ya ce, "Ya tsinke, ko? Ai direbobin da ke zuwa ɗaukar itace man giya suke ƙarawa, mai kaurin nan kamar zuma. Nan da nan kukan yake ɓata."

Adam ya ga bakinsa yana motsi, ya kama "man giya". Ya girgiza kai. "Kukan ne ke ɓata, ba ciwon ba. Mai irin wannan, da safe kafin ya hau ya kai inda ake jiransa, ƙarfe ya gama cin ƙarfe." Ya murza man a tsakanin yatsu. Sannan ya ce, bai dubi abokinsa ba, "Nomau, daga yau in za ka yi mini magana, ka tsaya gabana. Ba na ji."

Nomau ya zagayo gabansa, ya dafa kafaɗarsa. "Ai mun sani, Shofer. Tun kaka. Duk Guna an sani. Ba ka ga kowa ihu yake yi maka ba?"

Adam ya tsaya yana kallonsa. Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ba a san shi da ita ba, har ya dafa mota. Bayan nan ya roƙi masu kaya aka sauke rabin lodin a gidan wani mai gona kusa da hanya. Ya jira inji ya huce, ya taho da sauran a hankali, yana tsayawa duk inda ya ga inuwa.

Kai tsaye garajin Mutari ya wuce. Mutari ɗan wan Kellu ne, magidanci da iyalinsa, ya yi karatun gyaran inji ya kuma daɗe yana aikin. Adam bai ɓoye masa komai ba, har maganar kunnen. Mutari ya tayar da motar ya saurara, ya duba man, sannan ya jawo benci ya zauna fuska da fuska da shi.

"Baba, ba laifin man ba ne. Mai ne mai kyau. Injin ne ya tsufa. Ƙarafan ciki sun ci juna, tsakaninsu ya buɗe. Da sanyin safiya man yana da jiki, yana cike gurbin. In rana ta yi, ga lodi, ga yashi, sai ya tsinke ya zurare, ƙarfe ya riƙa taɓa ƙarfe."

"Na gane wannan. Me za a zuba?"

Mutari ya ɗauko bido biyu, jarkokin baƙin mai, ya ajiye a gabansa, ya nuna lambobin da yatsa. "Lambar farko, yadda yake gudu in inji na da sanyi. Ta biyu, kaurin da yake riƙewa in ya yi zafi. Naka sha biyar da arba'in ne. Wannan ashirin da hamsin. Da safe zai ɗan fi nauyi, amma a garin nan wane sanyi gare mu da zai hana shi hawa? Ka dai bar ta ta yi ɗumi kafin ka taka. Da rana kuwa zai tsaya mata."

"Babu wanda ya fi shi kauri?"

"Akwai. Ba zan zuba maka ba. In ya wuce haka sai famfon mai ya wahala, zafi ya ƙaru. Sabuwar mota ma ko wannan ba zan sa mata ba. Kowane inji da abin da yake ɗauka."

Adam ya gyaɗa kai. Maganar ta zauna masa, don ta yi daidai da abin da hannunsa ya sani. Suka juye tsohon man tun yana da ɗumi, suka sauya matatar mai, suka zuba sabo. Agogon mai kuwa Mutari ya ce sai ya nemo irinsa wurin masu tsofaffin kaya, zai ɗauki kwanaki.

"Kafin nan sai an gwada ta," in ji shi. "Ba a nan ba. Sai an yi tafiya mai nisa da lodi cikin rana, sannan a saurara. Da na bi ka gobe, amma ga motar ɗaukar marasa lafiya a kwance, na yi alkawarin tayar da ita."

Adam ya goge hannunsa da tsumma. "Bar shi. Ina da mai saurare."

Da ya isa gida ya tarar da Kellu tana tankaɗe. Ya tsaya a kanta, ya yi gyaran murya, ya rasa ta inda zai fara. Daga ƙarshe ya ce, "Gobe Zermu za ni. Gaban mota ba kowa."

Ta ci gaba da tankaɗenta. Sai da ta gama ta ɗago ta ce, "Ni da ban taɓa ɗaga kapo ba?"

"Ba kapo za ki ɗaga ba."

Da safe ta fito cikin lafaya mai ruwan goro, tana ƙamshin humra kamar mai zuwa biki. Maƙwabta suka fito ƙofa suna kallo. Duk zaman da suka yi, ba ta taɓa bin sa hanyar aiki ba. Ya sa mata buhu ninki a kan kujera saboda zafin inji, ya bar motar ta yi ɗumi, suka kama hanya. Ta riƙe ƙofa da hannu biyu har suka wuce lambunan Mirya, sannan ta saki jiki ta fara kallon gonakin da aka share ana jiran ruwa.

A Zermu labari ya riga su shiga gari. Mata suka fito, wai matar Shofer ta zo. Wata dattijuwa mai suna Shatu, wadda ta daɗe tana aiko mata da kuka da busasshiyar kuɓewa ba su taɓa ganin juna ba, ta kama hannunta ta ƙi saki. "Ashe haka kike! Mu da muka ɗauka ƙarya yake, ba shi da mata, motar ya aura." Aka ja ta cikin gida, aka dama mata fura, aka cika mata ƙwarya da gyaɗa. Adam yana can yana sa ido a lodi, yana satar kallon ƙofar gidan.

Suka taso bayan azahar, lokacin da ko tsuntsu ba ya tashi. Mota cike, yashi ya yi laushi, Shuɗiya tana nishi. Bai tausaya mata ba, don gwaji aka zo yi. Da suka hau kwalta ya ratse gefe ya tsaya, ya bar injin yana juyawa a hankali. Ya juyo ya zuba wa fuskar Kellu ido.

Ta rufe ido. Ta karkata kai. Ta buɗe ƙofa ta sauka, ta je ta tsaya nesa kaɗan, kamar nisan madafarta da ƙofar gida, don a nan ta saba ji. Fasinjan da ke saman kaya suka yi tsit. Ta daɗe kafin ta dawo ta tsaya a gefen tagarsa.

"Ya ragu ƙwarai," ta ce. "Cokalin ya tafi. Amma akwai saura can ƙasa, ɗan kaɗan, kamar ɓera a rumbu."

Adam ya sauke numfashi. "Da kin ce ya tafi duka, da na san tausayina kika ji."

Mutari da ya ji bayani ya ce haka ya zata. Man ya ba su lokaci ne, bai mayar da tsohuwa yarinya ba. Za ta kai kaka lafiya in ba a zalunce ta da lodi ba, bayan nan dole a buɗe injin. Ya samo agogon ya ɗaura. Adam, wanda bai taɓa kallon allura ba, ya koyi kallonta. Da zafin rana tana sauka kaɗan, amma ba ta faɗuwa.

Ya je gidan likita kuma, Kellu ce ta matsa. Aka duba, aka ce na hagu ya tafi, na dama da ɗan saura. Ya ci gaba da tuƙi har wata ranar Alhamis, kusa da kasuwa, ya kauce wa rami bai ji hon ɗin wani mai babur ɗan kabu-kabu da ke ƙoƙarin wuce shi ba. Mutumin ya faɗa cikin yashi. Bai ji ciwo ba, ko ƙwarzane. Adam ya sauka ya tayar da shi, ya kakkaɓe masa riga, ya ba shi haƙuri har mutumin ya fara jin kunya. Ba wanda ya ɗora masa laifi. Amma da yamma ya aika aka kira Tahiru, wani maƙwabcinsa mai ƴaƴa huɗu wanda ya yi tuƙi a hanyar arewa ya dawo gida ba aiki. Ya miƙa masa makulli.

"Kai za ka riƙa ja. Ni zan zauna gefe."

Tahiru ya ce, "Baba, ai da sauran ƙarfinka."

"Ƙarfi akwai. Ran ɗan mutane ne ba ni da abin biyansa."

Bayan kaka aka buɗe injin a garajin Mutari. Adam da kansa ya wanke kowane ƙarfe da gazuwal, wato man dizal, ya jera su kan buhu. Da aka haɗa, Mutari ya ce yanzu za ta iya komawa man da ta saba, sai in bazara ta yi tsanani a sake dubawa.

Har yanzu yana bin motar kullum. Shi ke tsara lodi, shi ke cewa ya isa, kuma in ya ce ya isa ko buhun sarki ne sai ya jira. Daminar da ta wuce, suna dawowa daga Guna bayan ruwan sama mai ƙarfi, suka tarar ƙorama ta cika ta yanke hanya. Tahiru ya tsaya yana shawarar ko su juya. Adam ya sauka, ya naɗe wando har gwiwa, ya karɓi sandar wani makiyayi da ke cikin fasinja. Ya shiga ruwan yana caka sandar gaba da gefe, yana neman inda ƙasa ke da tauri. Mata a saman kaya suna ta kiransa ya dawo, shi bai san suna yi ba. Da ya kai tsakiya ruwa ya kama shi har cinya. Ya ɗan karkata hagu, ya sake cakawa, ya ɗaga sandar sama ya yafito.

Tahiru ya yi bisimilla, ya sa giya ta ɗaya, ya bi bayansa.